Inda Ba Wanda Ya San Mu

"Yau ma laburaren? Ranar Asabar?"

Zuhra ta tsaya a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Yayanta Muhyiddeen yana zaune a falo da kofin shayi, bai ko ɗago kai daga wayarsa ba.

"Yaya, jibi zan miƙa babi na uku na kundin digirina..."

"To wannan jan bakin na babi na nawa ne?"

Anti Ruƙayyatu, matar yayan nata, ta leƙo daga kicin tana dariya. "Haba Abban Hureira, ka bar yarinya ta shafa abinta mana! Su ma littattafan ai suna son ganin kyakkyawa."

Shi dai bai yi dariya ba. Ya ajiye wayar a kan cinyarsa.

"Kin ji abin da ya faru da Bashira? Sun je cin shinkafar Larabawa a Bukit Bintang ita da wani yaro, kafin su wanke hannu hotonsu ya shiga guruf ɗin Hausawa na waya. Jiya babanta ya aiko da tikiti. Saura ƙiris fa ta gama digirinta!"

"Ni ina ruwana da Bashira, Yaya?"

"Tuna miki nake yi. Kina tsaye a filin jirgi Abba ya ce magana ɗaya ya ji a kanki, ki tattaro ki dawo Kano, da digiri ko babu. Ni ya damƙa wa amanarki. Babu saurayi, babu zance, sai kin gama. Kin ji ko?"

"Na ji."

Ta sa ɗayan takalmin ta fita. A cikin lif ta kashe alamar nan ta waya da ke nuna wa Anti inda take.

Kuala Lumpur babban birni ne ga masu shi. Ga Hausawan da karatu ya kawo kuwa, bai kai unguwa guda ba. Daga Pantai Dalam, unguwar su Zuhra, har Wangsa Maju guruf ɗaya ne ya haɗa kowa: nan ake cigiyar mai daddawa, nan ake sanar da suna, nan kuma ake jin wa aka gani da wa. Maman Al-Amin ce ke riƙe da shi, matar da aka ce ko a mafarki ka yi laifi sai ta riga ka farkawa.

A gida, saurayi ƙofar gida yake zuwa. A yi sallama da yarinya, su zauna a zaure, mai wucewa ya gani, mai shigowa ya gaisa. A nan benaye ne, babu zaure. Sai aka taƙaita wa 'yan mata tarbiyyar gaba ɗaya a magana guda: kada a gan ki. Ba wanda ya tsaya ya tambayi ina yarinya za ta nufa idan tana so kada a gan ta.

Ita Zuhra Kuala Kubu Bharu ta nufa.

A wata manhajar masu neman aure suka haɗu da Adnan. Sun yi makonni suna hira, har ta kai in wayarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi don daɗi. Ta ajiye lambarsa da sunan mace. Da ya ce yana so ya gan ta, ita ce da bakinta ta ce, "Sai dai inda ba wanda ya san mu." Shi kuma ya nemo wannan ɗan ƙaramin gari da ke can gaba da Rawang, kusa da ƙarshen layin jirgin ƙasa.

Ta shiga taragon mata, shi yana wani tarago can baya. Haka suka shirya.

Da jirgi ya wuce Rawang, dogayen gine-gine suka ƙare, sai itatuwa da duwatsu. Matan da ke taragon suka yi ta sauka har ya rage daga ita sai wata tsohuwa mai gyangyaɗi. Nan ne ta fara lissafa abin da ta sani game da mutumin da za ta gani. Sunansa Adnan. Ɗan Zariya ne, in ji shi. Yana karatun injiniya, yana zaune a Wangsa Maju, in ji shi.

Ko sunan mahaifinsa ba ta sani ba!

Ta yi niyyar sauka a tasha ta gaba ta koma. Sai saƙonsa ya shigo: "Ranki ya daɗe, kina ganin duwatsun nan? Don ke na sa aka jera su." Ta yi murmushi, ta zauna.

Garin shiru yake kamar an yi shara an kwashe mutanen. Tsofaffin shaguna a jere, kare yana barci a tsakiyar titi. Suka zauna a wani kedai, irin ƙananan shagunan shayin nan, Adnan ya sa aka kawo musu teh tarik, shayin madarar ƙasar, da gasasshen burodi. Dogo ne siriri, farin idonsa da ɗan ruwan ɗorawa, ta ɗauka rashin barcin 'yan karatu ne.

"Ashe kin fi hotonki," ya ce.

"Kai kuma hotonka ya fi ka ƙiba."

"Wancan kafin in haɗu da sufabaizana aka ɗauka. Makan, Hajiya, makan lah, ci mana, kada ki koma ki ce ɗan Zariya ya bar ki da yunwa."

Ta yi dariya har da rufe baki da mayafi. Ta ɗauke shi hoto yana ɗaga kofi. Amma duk motar da ta gifta sai ta waiga.

"Zuhrata, kwantar da hankalinki. Nan ko Bayarabe babu, balle Maman Al-Amin. Duk garin nan ba mai iya faɗin sunanki."

Ta fara dariya, sai ta daina. Gaskiya ya faɗa. Ba kowa.

"Akwai kogi a bayan gari," ya ce bayan sun gama. "Mu ɗan taka ki gani."

Ba ta so. Amma an koya mata kunya tun tana ƙarama, an koya mata sunkuyar da kai, ba a taɓa zaunar da ita an koya mata yadda ake ce wa namiji a'a ba tare da neman gafara ba. Ta tashi ta bi shi.

Gidaje suka ƙare. Hanya ta zama siririya, ciyawa ta fi ta tsayi dama da hagu. Tana tafe tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, tana auna nisan da ke tsakaninta da shagon ƙarshe da suka wuce. Ba su kai kogin ba sama ta yi baƙi, ruwa ya sauko irin na ƙasar nan da ba ya sallama. Adnan ya tuɓe jaket ɗinsa ya rufa mata a ka, shi ya rage daga shi sai 'yar shat. Kafin su kai wata rumfar jiran bas da ke gefen hanya ya jiƙe sharkaf.

Suka zauna a kan benci, iska mai sanyi tana kaɗawa. Da farko yana ta zolayarta. Can sai ya yi shiru.

"Adnan?"

Numfashinsa ya canza, yana fita da sauri-sauri. Ta saci kallonsa, ta ga ya cije leɓe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, idanunsa a kanta amma kamar ba ita yake gani ba. Ta matsa ƙarshen bencin. Babu mota, babu mutum, sai ƙarar ruwa a kan kwano.

Kwatsam ya damƙi wuyan hannunta.

"Sake ni! Adnan ka sake ni, wallahi zan yi ihu!"

Riƙon ya ƙara ƙarfi har ta ji ƙashinta. Duk labaran da ta taɓa ji suka taso mata lokaci guda, ta ga gawarta a cikin ciyawar nan, ta ga Yaya yana nemanta a laburare. Ta fizge da iya ƙarfinta ta miƙe za ta gudu...

Sai ya sulale daga kan bencin ya faɗi ƙasa, ya dunƙule kamar jariri.

"Wayyo Allah... bayana... ƙirjina..."

Ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a cikin ruwa.

"Zuhra... sikila gare ni. Sanyin nan ne... ya tayar min."

"Innalillahi! Me ya sa ba ka faɗa min ba? Me ya sa ka ba ni rigarka?!"

"Na so ne... ko sau ɗaya... a kalle ni ba da tausayi ba."

Ta fita tsakiyar titi tana ɗaga hannu biyu, ruwa yana dukanta. Mota ta farko ta kauce ta wuce. Ta biyu 'yar ƙarama ce, wata dattijuwar Bamalaya ke tuƙi, bayan motar cike da ayaba.

"Makcik, tolong! Hospital!" Goggo, taimaka, asibiti: iyakar Malayancin da ya zo mata ke nan, kuma ya isa. Matar ta fito ba ta tambayi komai ba, suka kama shi su biyu suka cusa a kan ayabar.

A hanya ya jawo gefen mayafinta. "Ki ce musu... kada su yi min allurar..."

"Wacce? Adnan, wacce allura?"

Bakinsa yana motsi, amma numfashin ya ƙi ba shi dama. Idanunsa suka lumshe.

A asibitin garin aka karɓe shi da gudu, aka sa masa abin numfashi da ƙarin ruwa. Wata nas ta ciro katin makaranta daga walat ɗinsa ta karanta da ƙarfi: Adnan Maitama. A bakin baƙuwa Zuhra ta fara jin sunan mahaifinsa.

Likitar, wata matashiya mai gilashi, ta fito ta same ta, ta yi mata magana da Turanci.

"Ke matarsa ce?"

"A'a."

"'Yar'uwarsa?"

"A'a... tare dai muke."

"Ciwon ya taɓa ƙirjinsa, dole mu yi sauri. Wane magani yake sha? A wane asibiti ake ganinsa?"

"Ban sani ba. Amma ya ce akwai allurar da kada a yi masa, bai ƙarasa faɗa ba."

Fuskar likitar ta canza. "To wannan ita nake so in sani, yanzu. Nemo min wanda yake zaune da shi."

Wayar Adnan ta sha ruwa a aljihunsa, ko haske ba ta kawowa. Zuhra ta fito baranda, kayanta suna ɗiga. Ta kira Yaya. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta tuna yau Asabar, yana filin ƙwallo, wayar tana cikin jaka. Ta kira Anti, a kashe. Ta sake kiran Yaya. Shiru.

Wuri ɗaya ne ya rage inda za a san duk wani Bahaushe da ke Wangsa Maju.

Ta buɗe guruf ɗin. Saƙon ƙarshe na wata ce tana tallan yajin ƙuli. Sama kaɗan, hoton Bashira yana nan ba a goge ba.

Ta ɗora hoton Adnan da ta ɗauka ɗazu. Kofi biyu ne a kan teburin, ga jakarta a gefe, jakar da duk matan Pantai Dalam suka sani. Ta rubuta, "Na tsinci wannan bawan Allah a hanya." Ta dubi kofunan nan biyu, ta goge. Ta tuna babi na uku da ke cikin kwamfutarta, ta tuna fuskar Abba a filin jirgi. Ta ƙofar da ke buɗe tana jin na'urar da aka jona masa tana ƙara.

Ta rubuta: "Salamu alaikum. Ni ce Zuhra ƙanwar Dakta Muhyiddeen. Don Allah wa ya san Adnan Maitama na Wangsa Maju? Muna asibitin Kuala Kubu Bharu, sikilarsa ta tashi, ba ya iya magana. Ina neman wanda suke gida ɗaya YANZU."

Ta rufe ido ta tura.

Ta ga mutane suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi a sama: Maman Al-Amin tana rubutu... Ta daina. Wayar ta hau ƙara.

"Ke Zuhra, nutsu ki saurare ni!" Muryar kamar ta mai raba faɗa a gidan biki. "Yaron nan na gidan su Zahraddeen ne, bene ɗaya muke. Na tura Baban Al-Amin ya buga musu ƙofa, ko wanka yake a fito da shi. Kina jina? Kada ki kashe wayarki."

"To Mama... na gode..."

"Kin ci abinci? Kayanki a jiƙe suke ko? Oh ni! To wai me ma ya kai ku can ƙarshen duniya... bari dai, bari ya tashi tukuna."

Ba a jima ba Zahraddeen ya kira yana haki. Shi ya kwana da Adnan a asibiti bara, ya san allurar da ta kusa kashe shi, ya san sunan likitansa. Zuhra ta ruga ta miƙa wa likitar wayar. Matar tana saurare tana gyaɗa kai, ta juya ta ba nas umarni, aka janye labule.

Daga nan sai jira. Ta zauna a kan kujerar roba tana rawar sanyi, wayar tana ta motsi a hannunta. Allah ya ba shi lafiya. Allah ya tashi kafaɗunsa. Mun taso da mota. Wata ta rubuta, "Ikon Allah, Kuala Kubu kuma?" Wata ta saka wani abu ta goge kafin Zuhra ta karanta. Duk su ɗin ne dai, masu addu'ar da masu tambayar.

Sai kiran Yaya ya shigo.

"Kina ina a cikin asibitin?"

"Bakin ɗakin gaggawa. Yaya, don Allah ka..."

"Kada ki motsa daga nan."

Ya kashe.

Ana dab da magariba ya iso, da rigar ƙwallonsa a jiki, Anti tana binsa da leda a hannu. Bayansu ga Zahraddeen da wasu samari. Zuhra ta miƙe. Anti ta yafa mata busasshen mayafi, ta ja samarin suka yi wajen likita.

Yaya ya tsaya a gabanta. Idanunsa sun yi ja.

"Wallahi ji nake kamar in kwaɗa miki mari."

"Ka mare ni, Yaya. Amma don girman Allah kada ka mayar da ni gida."

"Kin san abin da na yi ta gani a hanya? Ke ce a kwance a ɗakin can. Wayarki ta sha ruwa. Shi kuma yana tsaye a nan bai san sunan ubanki ba. Ni ina can ina zagaye laburare ina tambayar masu gadi!" Muryarsa ta karye, ya juya mata baya ya share fuska da gefen rigar. "Da mugu ne fa, Zuhra? Da mugu ne?"

Ta fashe da kuka. "Tsoronka na ji, Yaya."

"Na sani. Kin fi jin tsorona a kan daji. Wannan kuma aikina ne, ni na yi shi."

Ya zauna a kujerar da ta tashi, ya ciro wayarsa. "Maganar komawa ba a hannuna take ba. Rabin matan guruf ɗin nan suna da 'yan'uwa a Kano, kafin la'asar ɗinsu Abba ya ji. Gara ya ji a bakina."

Ta durƙusa a gabansa ta riƙe ƙafarsa. Ya riga ya danna.

Bayan gaisuwa ya faɗi komai, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya ce, "Abba, ban san da yaron ba sai yau, kuma laifina ne da ban sani ba. Na hana a zo min gida, shi ya sa aka tafi inda ba na gani." Ya daɗe yana saurare. Sannan ya miƙo mata. "Ya ce a ba shi ke."

Ta karɓa da hannu biyu. "Abba..."

"Yaron yana da rai?"

"Yana da rai, Abba. Likita ta ce numfashin ya fara daidaita."

"Ke kika saka saƙon nan da hannunki?"

"Ni ce."

"Kin san zai iso kunnena?"

"Na sani, Abba."

Tana jin kukan akuyar maƙwabta a can Kano, tana jin bugun zuciyarta a nan.

"Kin ɓata min rai, Zuhra, ba zan ɓoye miki ba. Ƙaryar ta fi fitar yi min ciwo." Ya yi gyaran murya. "Amma da kin bar ɗan mutane ya mutu don kada a yi da ke, da ban san wa na haifa ba. Ki zauna ki gama karatunki. Ranar Litinin yayanki ya kai ki a gwada jininki kafin kowa ya ƙara sa wani abu a ransa. Shi kuma in ya tashi, ya je gidan yayanki ya yi sallama kamar ɗan mutane. Kada in ƙara jin sunan wani daji."

"To Abba... to... na gode Abba..." Kuka ya hana ta ƙarasawa, Yaya ya karɓi wayar.

Nas ta leƙo ta ce mara lafiya ya buɗe ido, yana ta kiran wani suna. Zuhra ta yunƙura, Yaya ya tare ta da hannu.

"Ni zan fara shiga. Ke biyo ni a baya."

Adnan yana kwance da abin numfashi a fuska. Da ya ga mutumin da ke gaban Zuhra, ya ga kamannin, idanunsa suka firfito. Ya dafa gado yana ƙoƙarin tashi ya gaishe shi, robar ƙarin ruwa tana lilo.

Yaya ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi a hankali.

"Kwanta, malam. Wannan gaisuwar a falona za ka yi ta."